Motar da Ta Daina Kuka

Da hantsin Talata aka bugo wa Sufeto Siddiƙ waya a ofishin 'yan sanda na Kebbe. Mota ta faɗa ƙarƙashin kwalbati a hanyar Fakku, direban ya rasu nan take.

Ƙaramar farar mota ce mai aiki da lantarki, tsohuwar yayi. Mamacin shi ne Malami, mai shagon kayan sola a Fakku. Kwanansa tara da sayen ta.

Jama'a sun yi cirko-cirko daga nesa, ba mai son matsowa. Wani dattijon manomi da abin ya faru a gabansa yana ta rawar baki.

"Yallaɓai, ba ƙara, ba hayaƙi. Tana tahiya shiru, sai tayun gaba sunka ƙame kamar an riƙe su da hannu. Motag ga ba ta mutane ba ce."

Sufeto ba mutum ne mai ɗora wa aljanu laifin direbobi ba, amma sai da tsigar jikinsa ta tashi. Hanya miƙaƙƙiya, ba rami, ba dabba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Wani baƙin abu mai kauri yana ɗiga. Ya lakato ya shinshina, ya ji ƙauri irin na ƙanzon tuwo.

"An ce fa irin wagga ba ta shan mai," in ji Sajan Nasiruddeen.

"To wannan mene ne?" Sufeto ya zuba kaɗan a leda.

Bayan jana'iza suka je wurin matar mamacin, Hamdiya. Daga bayan labule ta yi magana, muryarta a dishe.

"Ran da munka hwara gwada ta a Tambuwal, kuka ta ka yi daga ƙasa, kamar injin niƙa daga nesa. Malami yac ce ba shi saye. Bayan kwana fuɗu Ɗangiwa dillali yak kira shi, wai an gyara. Munka koma, shiru kake ji."

"Ya kai ta wurin bakanike?"

"Yac ce motar da ba ta da inji, mi za a duba? Batir kaɗai ya auna." Ta fashe da kuka. "Biyu ne ma iri ɗaya, shi yaz zaɓi wagga."

Kalmar "biyu" ta tsaya wa Sufeto a rai.

Washegari da safe suka isa Tambuwal. Bakanike ɗaya ne a garin ke taɓa irin waɗannan motoci, sunansa Tambaya.

"Ban taɓa ganin ta ba," ya ce, tun kafin a gama tambaya.

"Wace mota na ce maka?"

Sufeto ya miƙa masa ledar. Tambaya ya murza abin da yatsa, sai ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Tsoro nij ji, Yallaɓai. Ɗangiwa ya kawo min su, su duka biyu. Ba su da inji irin namu, gaskiya ne, amma akwai giyabos da ke kai ƙarfi ga tayu, kuma yana da mai nashi. Boris ɗin ciki, wanda ƙarahuna ka juyawa bisa shi, ya cinye. Nic ce sai an aiko da sabo daga Ikko, mako ukku. Yac ce ba ya iya jira, yak kwashe su."

"Wannan fa?"

"Dusa ce da giris. Tana kashe kuka, ba ta kashe ciwo. In mota ta yi gudu ta ɗau zahi, sai komi ya cije wuri guda."

"Ɗayar lafiya take?"

"Ciwonsu ɗaya."

Sufeto ya tura Sajan tasha da gudu ya nemo labarin mota ta biyu, shi kuma ya nufi gidan Ɗangiwa.

A ƙofar gida ya same shi yana ba ragunan kiwonsa abinci, ga buhun dusa a buɗe. Mutum ne mai faɗin murmushi, irin wanda zai sayar maka da tsohon takalmi ka tafi kana godiya.

"Allah shi jiƙan Malami. Gudu gare shi, Yallaɓai, na sha hana shi."

"Wa ya gyara kukan motar?"

"Da kanta tad daina. Sabo da hanya ne."

"Ina ta biyun?"

"Wani baƙo yas saye, ya wuce Kwatarkwashi da ita."

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Sajan ne, yana haki.

"Yallaɓai, tana hannun wani Shafi'u, haya yake da ita! Minti ashirin da tashinsa, ya ɗauki mata biyar za su Fakku ta'aziyyar Malami. Na kira shi, ba ya ɗauka!"

Ɗangiwa ya ɗaga kafaɗa. "Lafiyatta lau. Ko yanzu ni ka iya shiga."

Sai muryar matarsa Zahara'u ta fito daga zaure, a firgice. "Motar Shafi'u? Ai Goggo na ciki! Ita tat tara matan unguwa, tac ce wanda yas sayi motar ɗanta ba baƙo ba ne."

Kwanon dusa ya suɓuce daga hannun Ɗangiwa. Ya laluba wayarsa. Ya kira mahaifiyarsa, ta yi ta ringi har ta tsinke. Ya sake kira, gumi na zuba daga haɓarsa. A karo na uku aka ɗauka.

"Goggo! Ki ce ma Shafi'u shi tsaya! A hankali, kada shi taka burki da ƙarhi! Ku hito duka!"

"Lahiya? Ba kai kac ce motar ƙalau take ba?"

"Ƙarya niy yi! Ni niz zuba musu dusa, su duka biyu! Don Allah ku tsaya!"

Ba abin da ake ji sai iska da salatin mata. Can sai ƙarar buɗe ƙofa, sannan muryar Shafi'u.

"Mun tsaya. Amma ƙasan motar hayaƙi ya ka yi."

Ɗangiwa ya zube a ƙasa yana kuka, yana maimaita, "Uwata ta tsira, uwata ta tsira."

Sufeto Siddiƙ ya ɗaga shi, ya ɗaura masa ankwa. Bai ji tausayinsa ko kaɗan ba.

"Taka ta tsira," ya ce. "Malami ma yana da uwa. Wurinta Goggo za ta gaisuwa."