Jan Gari a Farin Aljihu

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Yagya Bohara rahoton cewa hatimin ƙungiyar direbobin Sirkhola ya ɓace. Ya jima yana kallon duwatsu ta taga kafin ya ɗauki hularsa, domin ya san abin da ɗan ƙarfen nan yake tsarewa.

Duk direban da ke hawa garin yana biyan harajin hanya, doka kuma ta keɓe kuɗin ga gyaran hanya kaɗai. Banki ba ya sakin ko rupi ɗaya sai da hatimi biyu, na shugaban gunduma da na ƙungiya. A bana ne asusun ya isa a gina katanga a Kwanar Zaftarewa, inda damina ta ci motoci da mutanen cikinsu.

A gareji ya tarar da dattijo Harka Rokaya, shugaban ƙungiyar. Jiya aka yi bikin kayan aiki, ranar da direbobi ke jera sifana da guduma a faranti su shafe su da mai da jan gari. A tsakiyar farantin akwai gurbin abin da aka ɗauke.

"Baba, makullin dukiyar gunduma ka ajiye tsakanin sifanoni?"

"Shi ma kayan aiki ne, ɗana. Kai bindigarka ba ta taɓa shan jan gari ba?"

Sufeto bai musa ba. "Wa ke son hatimin?"

"Shugaban gunduma Dambar Kathayat ya nemi aron kuɗin ya gina hasumiyar kallo, wai zai mayar baɗi. Na ce masa wanda ya faɗa kwazazzabo ba ya dawowa baɗi. Ga shi yau direbobi na cewa sayarwa na yi."

Sunkali mai shayi, wadda rumfarta ke bayan gareji, ta rantse ba ta ga kowa ba.

"Yaya, ke da ba a wuce ki da sabon takalmi ba ki faɗi kuɗinsa ba?" in ji Sufeto.

Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Fararen kaya na gani sun gifta lokacin da ake rawa. Na ce yau fatalwa ta fito da rana."

Mutum ɗaya ne a garin ke cikin fararen kaya, domin mahaifinsa ya rasu kuma shekarar makoki ba ta cika ba. Dambar ne, kuma Sufeto ya same shi a ƙofar ofishinsa, yana shirin sauka zuwa banki.

"Ranka ya daɗe, ka leƙa gareji jiya?"

"Ka manta al'ada ne, Sufeto? Mai makoki ba ya zuwa biki," in ji Dambar. "Ba ya taɓa jan gari sai shekara ta cika."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙwaya."

"To, mene ne wannan da ya ɓullo ta aljihunka?"

Man ya ratsa farin yadi, ya bar jan tabo zagayayye. Da wani ne, da ya ce daga goshinsa ya ɗiga, domin jiya kowa a Sirkhola ya shafa. Dambar ya dubi tabon, ya zaro hatimin a hankali.

"Aro ne, ba sata ba. Kowace gunduma tana da hasumiya sai tamu."

"Aro da yardar mai abu ake yinsa. Mu je."

A bainar direbobi Sufeto ya shaida cewa Harka bai sayar da komai ba. Dattijon ya miƙe tsaye sosai, direbobin kuma suka danna oda har kwarin ya amsa.

Da motar 'yan sanda ta iso Kwanar Zaftarewa ɗauke da Dambar, tsakuwa ta fara zubewa ƙarƙashin taya. Dambar ya riƙe kujera.

"Ku bar ni in wuce nan da ƙafa."

"Zauna, ranka ya daɗe, haka kowa ke wucewa," in ji Sufeto. "Ranar da ka dawo, za ka tarar da katanga."