Duba-gari a Ɗakin Baba

"Ke Auta! Zo ki kama min labulen nan, fenti ya sha iska!"

Gwaggo ce ke ƙwala kira daga ɗakin Baba. Ita ce yayarsa, kuma tun rasuwar Mama duk abin da ta yanke a gidan ya zauna. Yau saurayin Auta zai zo gaida Baba karon farko, shi ya sa ta sa aka sake shafe ɗakin, kamar yadda aka saba duk sanda wani baƙin tabo ya ɓullo a bango. Baba kuwa yana kishingiɗe da inhela, maganin shaƙa na masu ciwon ƙirji, a hannu, yana tarin da ya shekara biyu yana nuƙurƙusarsa.

Da yamma saurayin ya iso fes da shi. Harkar gini ya karanta, gyaran gidaje ne sana'arsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, hira har ta fara daɗi. Amma Auta da ke leƙe ta bayan labule ta ga hancinsa na motsi. Ta san halin kayanta: ko ziyara ya je, ba ya iya wuce famfo yana ɗiga.

"Baba, a gafarce ni," ya ce. "Mene ne a bayan bangon nan da ke saitin kanka?"

"Banɗaki ne."

Saurayin ya miƙa hannu ya danna bangon da babban yatsa. Sabon fenti ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ruwa ya tsattsafo.

"Akwai fayif da ke yoyo a ciki. Fenti ba ya maganin danshi, rufe shi kawai yake yi. Ina tsoron shi ke ƙara maka tarin nan."

"Iye!" Gwaggo ta tafa hannu. "Neman aure ka zo, ko duba-gari aka turo mana? Wato mu ne ƙazamai!"

Baba ya ɗaure fuska. Da guminsa ya gina gidan nan, bulo bayan bulo. "Yaro, ka gaida gida," kawai ya ce.

Kafin gari ya waye Gwaggo ta kashe magana: mara kunyar nan ba zai sake taka mata soro ba. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Yayanta kuwa ya samu abin tsokana, duk inda ta gifta sai ya ce, "A ɓoye kwandon shara, ga uwargidan duba-gari nan!"

Ta kira saurayin a waya. "Haba don Allah! Ranar farko fa! Minti goma ba za ka iya kame bakinka ba?"

"Sori, na san na kwafsa. Amma kin ji yadda ƙirjinsa ke ƙara kuwa? In na yi shiru don a ba ni ke, da wane ido zan dube ki gobe?"

"To yanzu an hana ka ni ɗin, sai ka ji daɗi!"

"Ki yi haƙuri, kuma kada ki yi musu da kowa. Ki dai riƙa buɗe tagar ɗakinsa kullum da safe, ki shanya katifar a rana, ki raba gadon da bango."

Haka ta yi, mako uku, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Wata Asabar tana shara ta roƙi Yaya ya taya ta jan wadirob ɗin Baba, wanda ko masu fenti kewaye shi suke yi. Suna ja, wari ya buge su. Fumfuna ce baƙi ƙirin tun daga ƙasa har silin, bayan katakon ya ruɓe, manyan rigunan Baba duk sun yi dabbare-dabbare.

"Kai!" Yaya ya toshe hanci. Tsokana ta ƙare.

Baba ya daɗe tsaye yana kallo. "Shekara biyu ina zaryar asibiti, ashe da ciwon muke kwana ɗaki ɗaya. Auta, kira min yaron nan."

"Yanzu shi za ka..." Gwaggo ta fara.

"Yaya, a kira shi," Baba ya katse yayar tasa.

Saurayin ya zo da akwatin kayan aikinsa, ko alamar "ai na faɗa" babu a fuskarsa. Sai da ya mayar da Baba falo tukuna, ya rufe hanci da takunkumi, ya kashe ruwan gidan, sannan ya fasa bango. Tsagewar da ta jawo duk wannan ba ta kai tsawon farce ba! Ya sauya fayif, ya kankare fenti hawa biyar da aka jibga a kan juna. Ya hau rufi ya yashe ganyen da ya toshe indararo. Yana saukowa ya hango wayar wuta da ɓera ya ɓalgace a bayan firij, ita ma ya canja ta. Ya koya wa Yaya dabara: a ƙarshen kowane wata a rufe duk famfuna a duba mitar ruwa, in tana juyawa akwai inda ke yoyo.

"Bangon kuma a bar shi haka wata guda, ya bushe sosai kafin fenti," ya ce.

"Bango tsirara?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "In baƙi suka zo fa?"

"Su zo su gani," in ji Baba.

Wata bai cika ba tari ya lafa, har likita ya rage masa magani. Ranar da Baba ya taka har bakin titi ya dawo ba tare da ya tsaya hutu ba, ya aika a kira saurayin.

"Mutum nawa ne suka shigo ɗakin nan suka yaba fenti?" ya ce. "Kai kaɗai ka saurari numfashina, ka kuma yarda ka rasa abin da kake so don ka faɗa min gaskiya. Ka turo iyayenka."

Auta ta rufe fuska da mayafi ta ruga ciki, hawaye na zuba, na daɗi wannan karon. Gwaggo ta yi gyaran murya tana kallon gefe. "To ɗan nan, tunda ka zama na gida, silin ɗakina ma yana ɗan ɗiga."

'Yan'uwana matasa, gida da aure halinsu ɗaya: ɓarnar da aka shafe don idon baƙi ba ta tafiya, ci take yi ta ciki. Ku riƙa ja da kaya kuna leƙa lungu tun matsala tana ƙarama. Wanda kuma ya nuna muku inda ke yoyo alhali ya san zai iya rasa ku, ku riƙe shi da hannu biyu.