Hannun da Ke Ɗibar Jini

Kilim ɗin labo, wato na'urar sanyaya ɗakin gwajin jini, shi ne ya lalace ranar, aka kira Abdulrazak ya gyara. Yana bisa tsani ya hango wata ma'aikaciya, Ramlatu, gaban ordinata, wato kwamfuta, tana ba wani mashin mai hannun ƙarfe umarni, shi kuma yana ɗibar jinin masu zazzaɓin cizon sauro yana ɗigawa cikin 'yan kwalabe. Gyaran minti ashirin, bawan Allah sai da ya kai shi la'asar.

Kafin wata uku, motonsa ya haddace hanyar gidan su Ramlatu a unguwar Lamorde.

Daga gidan su Abdulrazak a unguwar Bukoki rigima ta taso. Mahaifiyarsa, Inna Ladi, ta kafe cewa hannun da ke wuni cikin jinin mutane ba zai tuƙa wa ɗanta tuwo ba. Ko yarinya ta bar aikin, ko a bar maganar aure.

Sai ga saƙon Abdulrazak a wayar Ramlatu: "Sanyin idona, na shawo kan Inna. Na ce mata mashin ke yin komai, ke maɓalli kawai kike dannawa. Gobe in ta tambaya, ki ce haka ne, don Allah."

Ran Ramlatu ya ɓaci sosai. Shekara biyar tana koyon aikin nan, yau a ce ta ɓoye shi kamar kayan sata?

Washegari ta durƙusa ta gaida Inna. Tsohuwa ba ta yi kwana-kwana ba, ta jefo tambayar.

"Inna, mashin na yi, amma in ya tsaya, ni ke sa safar hannu in ɗiba da kaina. Jiya ma na ɗiba. Jinin yaran unguwannin nan ne, magani ake nema musu, kuma ba zan bari ba. Ina son ɗanki, amma ba zan shigo gidanki da ƙarya ba."

Abdulrazak na tsaye a gefe yana ji. Can ya matso ya durƙusa kusa da ita, ya ce ƙaryar tasa ce, kuma shi in ba Ramlatu ba ya haƙura da aure.

Inna ta kore su duka biyun. Kwana tara ba ta amsa gaisuwarsa ba. A na goma ta tura kawunsa Lamorde da goro, tana mitar cewa yarinyar ta fi ɗanta gaskiya.

Aka ɗaura aure. Ranar girkin amarya na farko, Inna ta riga kowa wanke hannu, ta gutsuri tuwo.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta, ta ƙara loma. "Allah ya yi muku albarka, ɗiyata. Yaushe za ki koma wurin aikin?"