Abin da Tanwir Ya Faɗa wa Alƙali

Shagufta na manna gurasa a bangon tanderu lokacin da Zulfikar, ɗan baffanta, ya jingine babur a ƙofar gida. Murmushi yake yi, irin wanda ba ta taɓa so ba.

"Daga kotu nake. Angon naki ya yi magana."

Ba ta ɗago ba.

"Alƙali ya karanto masa laifinsa. Ya ƙeƙashe ido ya ce bai aikata ba!"

Gurasar ta suɓuce cikin garwashi.

Kwana arba'in ke nan da binne yayanta Imtiyaz. Rigimar ban ruwan gona ce ta haɗa shi da Tanwir, wanda aka sa ranar aurensa da Shagufta bayan girbin alkama. Tanwir ya ture shi, ƙeyarsa ta bugi bakin simintin magudana. Da kansa ya saɓo gawar har gida, yana kuka yana cewa, "Ni ne... ni ne."

"Ammi, kin ji surukinki?" Zulfikar ya ɗaga murya don uwarta ta ji. "Gobe ma cewa zai yi bai san ku ba."

Ranar ziyara ta je kurkuku ba da sanin kowa ba. Ragar waya ce tsakaninsu, mutane na ta ihu dama da hagu.

"Hasken idona... kin rame."

"Kada ka sake kirana haka! Ka ce ba kai ba ne?"

"Lauya ne ya ce in faɗa. Kowa haka yake cewa ranar farko, Shagufta, har wanda aka kama da wuƙa a hannu. Kisan ganganci suka rubuta. In na amsa, shi na amsa. In na ce a'a, dole a kira shaidu, a ji cewa turewa ce. Dattawa ma su samu lokacin zuwa gidanku roƙo..."

"Ni ban yi makaranta ba, ban san lauya ba. Yayana yana cikin ƙasa, kai kana cewa ba kai ba. To wa? Aljani?"

"Ki saurare ni mana..."

"In kana sona, ka faɗi gaskiya gaban alƙali. In ba haka ba, ko a lahira kada ka neme ni!"

Ya daɗe yana kallonta, yatsunsa a cikin wayar.

"Shi ne zai sa ki iya kallona?"

"Shi ne."

"To."

A zama na gaba ya miƙe, lauya na jan hannun rigarsa.

"Na aikata."

Alƙali ya cire tabarau, ya tambaye shi har sau uku. Bai sauya ba. Wani tsoho da ya ga turewar yana zaune a baranda da sandarsa, ya koma ƙauye ba wanda ya tambaye shi komai.

Ɗaurin rai da rai.

Dattawan gidan su Tanwir suka zo, rawunansu a hannu, suna neman yafiya. Zulfikar ya tare ƙofa.

"Ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya yi. Me kuma ya rage?"

Ammi ta juya fuska ga bango, ba ta ce su shigo ba.

Daga baya lauyan ya haɗu da ita a matakalar kotu.

"Ke ce yarinyar? 'Yata, da kin bar shi, da wuya ya wuce shekara biyar."

Ba ta yi kuka a wurin ba. Zama kawai ta yi a kan matakalar.

Tari ya kashe Tanwir a kurkuku a hunturu na uku. Sau biyu Zulfikar na aikowa neman aurenta, sau biyu tana mayar da kayan ba ta kwance ƙullin ba.

Yanzu furfura ta fara fito mata. Gidansu na bakin titin da ke zuwa kotun gunduma, kuma kullum da hantsi motar fursunoni kan wuce, shuɗiya, yatsu na leƙowa ta ƙananan tagoginta. Shagufta kan bar abin da take yi ta fito ƙofa. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ƙarar injin ba ta barin su ji. Duk da haka takan faɗa a hankali:

"Ku ce ba ku aikata ba."

Sai motar ta sha kwana take komawa ciki.