Jifa a Gidan Bassu Mai Alfadari

Ranar Talata ce, ƙarshen kaka. Sanyi ya fara gangarowa daga duwatsun Tubkal, babu hadari, babu iska.

Bassu yana zaune a saman soronsa yana ɗinkin akumarin alfadari, ko da yake babu inda za shi. Daga nan yana hango gidan ƙanensa Lahsan a bakin rafi. Kekuna jingine da bango, baƙi sun baje a kan darduma, ana zuba musu shayi. Dariyarsu tana hawowa har inda yake.

Da can duk baƙon da zai hau dutse ƙofar Bassu yake fara tsayawa. Shi ne mai alfadari, shi ne jagora. Sai masu yawon keke suka zo. Lahsan, wanda ko igiyar kaya bai iya ɗaurewa ba, ya sayi keke, ya koyi hanyoyi, baƙi suka koma wurinsa. Wannan bai ci wa Bassu rai ba kamar maganar Itto, 'yarsa tilo. A wurin baffanta ta koyi keke, tana raka matan baƙi har mashigar dutse ta dawo, kuma bakinta ba ya rabo da "Baffa Lahsan ya ce."

A mashigar nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta gangara rafi, ɗaya ta biyo ta ƙofar Bassu. A tsakiyarsu akwai tarin duwatsu tun na kaka da kakanni. Duk wanda ya iso yakan tsaya ya yi sallama, ya ɗora dutse ɗaya, sannan ya wuce. Ba a ɗauka daga ciki, ko yaro ya san haka. A makon da ya wuce Bassu ya hau shi kaɗai, ya ɗebi duwatsun tarin ya tare hanyar rafi da su. Washegari baƙi biyu suka gangaro ta ƙofarsa, suka tsaya suna haki, suka tambaye shi ina ne gidan Lahsan. Ya nuna musu da haɓa.

Yana cikin ɗinkin aka kira magariba. Dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa. Ya ɗaga kai, babu kowa, babu komai sama da shi sai sarari. Na biyu ya faɗa tsakar gida ya fasa tulu. Matarsa Tuda ta fito daga madafa tana salati. Na uku da na huɗu suka sauko a hankali, kamar ana ajiye su da hannu.

Bassu ya ɗauki ɗaya. Sanyi ƙalau, gefensa da gansakuka. Ya gane shi. Ya jefa shi bayan katanga.

"Yaran unguwa ne," ya ce.

"Waɗanne yara?" in ji Tuda. "Daga sama fa suke zuwa."

Ya koma kan ɗinkinsa.

Haka aka yi ta yi kullum, daga kiran magariba zuwa isha. Tuda ta barbaɗa gishiri a bakin ƙofa, ta yi hayaƙi, ta daina zubar da ruwan zafi a rariya. Duwatsu ba su daina ba. Daga baya aka fara jin ana sallama a zaure da wata murya mai kauri, in an leƙa sai duhu. Alfadarin ya ƙi cin harawa, yana tsaye yana kallon kusurwa ɗaya ta garke. Bassu yana tara duwatsun a bayan katanga, tulin yana girma, shi kuma bakinsa a rufe.

Ranar Asabar Itto ta dawo daga dutse da yamma. Ta jingine keken, ta zauna a gaban akushin gurasar sha'ir, ba ta taɓa ba. Da aka kira salla ta juyo ta dubi ubanta da idanun da ba nata ba.

"Bassu," ta ce, da muryar da ake ji a zaure. "Ba ka amsa sallama."

Tuda ta ƙwalla ƙara. Itto ta faɗi, jikinta ya sandare, haƙoranta suka datse. Daga ranar ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, ruwa ma sai an ɗura mata da cokali. Fuskarta ta zabge. Lahsan ya hawo da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya kira yayansa Dadda, kamar yadda suke kiran babban wa a can.

"Dadda, bari in ɗauko malam Si Larbi."

"'Yarka ce?"

"Dadda, mutuwa za ta yi."

Bassu ya dubi yarinyar ya daɗe. Ya san in malam ya zo, abin da ke cikinta zai yi magana, kuma a gaban Lahsan zai yi ta. Ya juya baya.

"Je ka," ya ce.

Si Larbi tsohon malami ne daga ƙauyen gaba, ƙanƙanin mutum mai tari. Ya iso bayan la'asar, ya sha shayinsa bai yi sauri ba, ya jira rana ta faɗa bayan dutse. Sannan ya sa aka shimfiɗa Itto, ya kama babban yatsanta, ya fara karatu a kunnenta. Fitila ta rage haske ba tare da an taɓa ta ba. Can sai yarinyar ta yi dariya ta tsofaffi.

"Sassauta, malam. Ƙona ni kake yi."

"Wane ne kai?"

"Mai mashigar dutse. Ina can tun kakan kakanka bai iya tafiya ba."

"Musulmi ne kai?"

"Na fi wasu da ke ɗakin nan."

"To me ya kawo ka gidan mutane?"

"Gidana aka rushe. Tambayi mai alfadari."

Kowa ya juyo. Bassu yana tsugune a jikin bango, bai motsa ba.

"Masu keken nan," muryar ta ci gaba, "wucewa suke kamar an koro su, babu sallama, babu dutse. Suna tsayawa gidan wancan mai murza hula su sha shayi, ni ko kallo ban ishe su ba. Na haƙura. Na ce ai ina da Bassu, tun yana saurayi bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Sai ga shi ya zo da hannunsa ya kwashe ni ya tare hanya, don kada baƙi su je wurin ƙanensa."

Lahsan ya buɗe baki. "Dadda, kai ne? Ni da na yi ta zagin makiyaya?"

"Rufe mini baki," in ji Bassu.

Si Larbi ya matsa yatsan. "Ubanta ya yi maka laifi. Ita me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ita kaɗai ce ke sauka daga keke ta ɗora mini dutse, ko baƙi suna mata dariya. In sun tambaye ta, sai ta ce haka babana ya koya mini. Da na rasa gida, wa zan shiga in ba wadda ta san ni ba? Kuma na ji daɗin wurin. Ba zan bar wa kowa ita ba."

Bassu ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka motsa sau ɗaya.

Malam ya ɗaga murya da karatu. Itto ta yi ta birgima, Tuda da Lahsan suna danne ta, har muryar ta koma kuka.

"Tsaya! Zan fita. A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don kowa sai Allah."

"To kada keke ya sake bin mashigata."

"Hanya ba taka ba ce. Mutane na cin abinci da ita."

A waje dutse ɗaya ya faɗo tsakar gida.

"A mayar mini da duwatsuna, da na bayan katangar nan da na kan hanya. Shi zai ɗauka, a bayansa, ba a alfadari ba. Kuma duk mai keken da ya iso ya sauka ya tura da ƙafa."

"Baƙina za su sauka," in ji Lahsan da sauri. "Ko ba su so."

Si Larbi ya dubi Bassu. "Saura kai."

"Na ji."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Bassu ya matso ya durƙusa kusa da 'yarsa. Ya dubi idanun nan da ba nata ba.

"Wa alaikumus salam," ya ce. "Na ɗauka. Sakar mini ita."

Itto ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Fitila ta dawo da haskenta. Da ta buɗe ido, ta dubi baffanta, ta dubi uwarta, sannan ta kama hannun rigar ubanta.

"Baba, yunwa nake ji."

Da gari ya waye, Bassu ya yi salla, ya cika buhu da duwatsu ya saɓa a baya. Nauyin ya tanƙwara shi. A bakin hanya ya tarar da Lahsan tsaye, babu keke, riƙe da gorar ruwa da gurasa a ƙunshe. Bassu bai gaishe shi ba, bai kuma ce ya koma ba. Ya wuce gaba, ƙanensa na biye, suka kama hawa.