Ranar Da Kwalbar Asid Ta Fashe

Malamar kimiyya tana tsakiyar nuna wa 'yan aji huɗu yadda asid ke mayar da shuɗiyar takardar litmos ja, sai mai kawo wa makarantar kayan gwaji ya shigo da kwali a kafaɗa. Ido ya faɗa cikin ido, ƙafarsa ta harɗe da kujera. Kwalbar da ke cikin kwalin ta fashe, asid ya fantsamo masa a hannu.

Ba ta tsaya sallama ba. Ta fizgo shi zuwa famfo, ta sakar masa ruwa, ta barbaɗa soda a ƙasa har kumfa ta daina tashi. Ɗalibai sai ƙus-ƙus suke yi. Shi kuwa ya manta da zafi, ita kawai yake kallo.

Washegari saƙonsa ya shigo: "Malamata, hannu ya warke. Zuciya ce ta kamu, kuma ruwan famfo ya kasa."

Ta amsa: "Sarkin Ɓari, ka fara koyon tafiya tukuna."

Kafin hutu kowa ya san da su, har malamin lissafi da ya daɗe yana zagayen ta ba ta kula shi. Shi ya kai wa mahaifinta tsegumi cewa saurayin guba yake sayarwa, wadda ake watsa wa mutane. Baba ya hana saurayin taka ƙofar gida, ya ce ba zai ba wa mai cinikin mugunta 'yarsa ba.

Ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ɗauko litmos ta durƙusa gaban Baba. Ta matsa lemon tsamin shayinsa a kai, takarda ta yi ja. Ta tsoma ta a ruwan toka, ta koma shuɗiya. Ta ce wancan asid ne, wannan alkali, idan suka haɗu gishiri da ruwa suke bayarwa, kuma abin da saurayin yake kai wa makarantu ke nan da lasisinsa.

"Wato kullum asid nake sha?" in ji Baba. "Shi kuma yaron har alƙali yake sayarwa?"

Inna ta yi dariya har da hawaye. Washegari Baba ya je shagon yaron da kansa, ya yi tambayoyi, ya bincika wajen maƙwabta.

Da yamma ta tura saƙo: "Sarkin Ɓarina, Baba ya ce ka turo manyanka!"

Ranar aure ɗalibanta suka cika gidan da shewa. Baba ya kama hannun ango ya ce, "Ga amana nan, wannan kam kada ka ɓarar. Allah Ya yi muku albarka."