Kukan Da Yake Da Mai Shi

Ƙeyar Zaidu Sakina ta fara gani kafin fuskarsa. Ya ba ƙofa baya a ɗan ɗakin watsa shiri na rediyon garin Filinge, ya riƙe mikro da hannu biyu kamar wani zai ƙwace masa, yana karatu da wata murya da ta fi ƙarfin jikinsa. Da ya juyo sai ta ga siriri ne, ga kunnuwa sun yi fiffike. Dariya ta kufce mata.

"Wanga shi ne jarumin?" ta tambayi Mushe Magagi, tsohon malamin da ya tara su.

"Shi ne. Ke kuma ke ce za ki yi kuka kanshi, sai ki fara sabawa," in ji Mushe.

Ɗaliban jami'a ne su duka, sun dawo daga Yamai hutun damina. Mushe ya tono musu wani tsohon wasan kwaikwayo da kowa ya san ƙarshensa a ƙasar Kurfai: Arzika ya tafi yaƙi ana saura kwana bakwai aurensa, ranar ɗaurin aure aka dawo da gawarsa, amaryarsa Maimu ta yi kukan da ake cewa ko dutse ya ji sai ya tsage. Kashi shida za a yi, kowace Juma'a bayan la'asar, kai tsaye. Zaidu ne Arzika, Sakina ce Maimu.

To, mutum biyu da ake sa su faɗa wa juna kalaman so sau goma a yini, ai ba sai an tambayi abin da zai biyo baya ba. Kafin kashi na uku, Zaidu ya daina duban takarda in ya zo wurin "ki jira ni", Sakina yake duba. Ita kuwa da ta yi masa dariya, wayarta ta koma kwana a ƙarƙashin matashinta, saboda saƙonnin da suke tura wa juna.

"Maimuna tawa, yau da kika ce kada in tafi, saura kaɗan in ajiye mashi da garkuwa in ce wa Mushe na fasa yaƙin."

"Jarumina, in ka fasa yaƙin me za mu ba mutanen garin Damana su saurara? Ka tafi kawai, amma ka dawo da ƙafarka."

Garin ya ɗauka. Mata a bakin famfo, manoma a gindin gawo da rediyo rataye a reshe, kowa zancen Arzika da Maimu yake. Mahaifin Sakina, tela ne a bakin kasuwa, ya ce Zaidu ya turo magabatansa in an gama wasan. Mutum ɗaya ce abin bai yi wa daɗi ba, Balkisa, wadda take fitowa a matsayin ƙawar Maimu, alhali matsayin Maimun take so, da shi Zaidun kansa.

Bayan kashi na biyar Zaidu ya tafi ƙauyensu kusa da Bonkuku don ya shaida wa mahaifiyarsa. Ya dawo ranar Lahadi fuskarsa ba annuri. A ƙofar gidan su Sakina ya tsaya, ya ƙi hawa tabarma.

"Inna ta ƙi," ya ce.

Sakina ta ce, "Mi na yi mata? Ko ganina ba ta taɓa yi ba."

"Ta ji ki a rediyo, shi ke nan. Ta ce wadda za ta yi kukan mutuwata duniya na saurare, ba za ta shiga gidanta ba. Na ce Inna wasa ne. Ta ce ta fi ni sanin wasan."

"Kai mi ka gani?"

"Camfi ne, Sakina. Mu ƙare wasanmu, in na lallashe ta za ta sauko."

Sakina ba ta yarda ba. Ta san matan ƙauye, ta san kalmar da ake faɗa da fushi da wadda ake faɗa da tsoro, ta kuma san ta biyun ba ta saukowa da lallashi. Ranar Talata, ba ta gaya wa kowa ba sai mahaifiyarta, ta hau motar Bonkuku.

Ta tarar da Inna Jummai a tsakar gida tana surfen gero, doguwar mace marar yawan magana. Sakina ta durƙusa ta gaishe ta. Tun daga sallamar Inna ta gane muryar. Ba ta kore ta ba, ba ta kuma yi mata murmushi ba. Sakina ta miƙa hannu ta karɓi taɓarya, ta ci gaba da surfen.

Can Inna ta ce, "Kin iya. Ni ma haka anka ce mani, na iya."

Sakina ta dakata.

"Shekara ashirin da huɗu ke nan. Samarin Filinge sunka yi wasan ga a dandali. Ni ce Maimu. Uban Zaidu shi ne Arzika, muna amare. Anka shimfiɗe shi gabana cikin farin ƙyalle, na yi kuka har mata sunka riƙa faɗuwa. Anka yi ta yabona." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Wata huɗu tsakani rijiya ta rufta da shi. Anka kawo mani shi cikin farin ƙyalle, ina da cikin yaron ga. Na buɗe baki in yi kuka, ya ƙi zuwa. Na riga na ƙarar da shi a dandali. Har yau bai zo ba."

"Inna, rai na hannun Allah."

"Na sani, ɗiyata. Liman ma ya gaya mani, ya fi sau goma. Kaina ya yarda, zuciyata ta ƙiya. Kuka in ya fita, mai shi yake nema. Ɗa guda gare ni."

Sakina ta ji tausayi ya cika ta. Maimu ita ce abu mafi girma da ta taɓa yi a rayuwarta, kuma kukan nan na ƙarshe ta yi wata guda tana gwada shi a bayan gida. Ta ajiye taɓarya.

"Ba zan yi shi ba, Inna. Na bar wasan."

Inna ta dube ta tsawon lokaci, ba ta ce na gode ba, ba ta ce na yarda ba. Ta dai ɗebo mata gyaɗa a ƙwarya ta raka ta bakin hanya.

Mushe Magagi ya yi faɗa har hularsa ta karkace. Saura kwana biyu, a ce Maimu ta gudu? Sakina ba ta faɗi dalili ba, don sirrin ba nata ba ne. Balkisa kuwa kafin a rufe baki ta ce ta haddace komai tuntuni. Ba ta tsaya nan ba, ta tare Zaidu ta ce masa ai Sakina ta gaji ne, ta ce ba za ta zubar da hawaye a kan ɗan ƙauyen da uwarsa ke juya shi ba.

Da marece saƙonsa ya shigo.

"Ashe haka abin yake? Tun ba a je ko'ina ba kin ajiye ni. Da kin faɗa mani da bakinki da ya fi."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Zaidu bai san uwarsa ta taɓa zama Maimu ba, ba kuma daga bakinta ya kamata ya ji ba. Abin da ta iya turawa ke nan: "Jarumina, ban ajiye ka ba. Ka yi mani haƙuri zuwa Juma'a." Bai amsa ba.

Ranar Juma'a ta so ta zauna gida, ƙafafunta suka kai ta. Ta tsaya a tsakar gidan rediyon tana hango su ta gilashi, Balkisa a gurbin Maimu, gaban mikro ɗin Sakina. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata: ta bar wasan, ta ɓata da Zaidu, amma kukan nan yana nan, wata ce kawai za ta yi shi. Ba ta tsare komai ba.

Saura minti goma a buɗe, aka yi sallama a bayanta. Inna Jummai ce, da mayafin unguwa, ƙafafunta duk jar ƙasar hanya.

"Kwana uku ban runtsa ba," ta ce. "Kin bari, amma za a yi. Kai ni ga mai wasan."

Mushe ya fito zai ce ba a shiga, ya tsaya cak, ya cire tabarau. Yana saurayi a dandalin nan ran da aka yi wancan wasan.

"Jummai? Maimu ta Kailu?"

Zaidu, da ya biyo bayansa, ya dubi uwarsa, ya dubi Sakina.

"Magagi, ka mai da ɗiyar ga wurinta," in ji Inna. "Ta faɗi maganarta duka. In an zo ga kuka, a bar mani. Nawa yana da mai shi, ba zai nemi kowa ba."

Mushe ya dubi agogo, ya dubi Balkisa. Balkisa ta ajiye takarda ta koma kujerar ƙawar amarya, tana cin magani. Jar fitila ta kama.

Sakina ta yi Maimu muryarta na rawa, ba rawar wasa ba. Aka buga ganga, aka ce ga mahaya sun dawo, ga doki ba mai shi. Ta faɗi maganarta ta ƙarshe ta ja da baya. Inna ta matso gaban mikro.

Shiru. Daƙiƙa biyar, goma. Mai kula da na'ura ya fara zufa, Mushe ya ɗaga hannu zai ba da alamar a saki kiɗa. Sakina ta ga leɓen Inna na motsi babu sauti, sai ta kama hannunta ta riƙe gam.

Ya zo. Daga can ƙasa ya taso, a shaƙe, sannan ya ɓalle. Ba Arzika ta kira ba. Sunan mijinta da kunya ta hana ta faɗa tun tana amarya, shi ta kira, daga Filinge har Damana ana ji: "Kailu! Kailu, ka bar ni!" Zaidu, da ya kamata ya zama gawa, ya toshe bakinsa da hula kada a ji nasa kukan.

Da fitilar ta mutu ba wanda ya motsa. Inna ta share fuskarta da gefen mayafi, ta sauke numfashi kamar wadda aka sauke wa dami. Zaidu ya durƙusa gabanta, daga nan ya juyo wurin Sakina.

"Ki yafe mani."

"Na ce ka dawo da ƙafarka, ka dawo. Ya wuce."

Inna ba ta saki hannun Sakina ba. "Ka gaya wa kawunnanka su shirya," ta ce wa ɗanta. "Da an yanke gero."

Haka kuwa aka yi. Da kaka, rumbuna cike, aka ɗaura auren Zaidu da Sakina a ƙofar gidan tela, Mushe Magagi ya sanar a rediyo da bakinsa. Da aka kai amarya ƙauye, Inna Jummai ta tare ta a bakin zaure, ta ɗora hannu a kanta ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare. Ana cewa amin hawaye na zubo mata, ta bar su suna zuba, ba ta share ba.